Shekarar da Mairama Ta Daina Kai Nono

Shekara goma sha bakwai Mairama ta yi tana kai nono Kankia. Rugarsu tana bayan Bauranya, a ƙasar Kusada, kuma tun tana amarya a gidan Bube take naɗa gammo da sassafe, ta ɗora ƙwarya, ta bi burtali tare da sauran mata. Kafin hantsi ya yi zafi sun iso bakin kwalta. Ita ce kullum a gaba. Mace ce doguwa mai sauri, har sauran matan kan yi mata tsiya cewa ita ba ta san ana gajiya ba. A Kankia kuwa babu lungun da ba ta sani ba, kuma babbar mai sayen nononta ita ce Haulatu, wata bazawara mai fura a bakin tasha, wadda ciniki ya mai da su ƙawaye.

Abin ya fara ne a bazarar shekarar da aka mai da motoci hannun dama. Ranar kasuwa ce. Mairama ta tsaya a bakin kwalta har tankokin mai biyu suka wuce, ta tsallaka lafiya, ta shiga cikin mutane wajen 'yan hatsi. Babu wanda ya ture ta, babu abin da ta gani. Kawai sai ta ji zuciyarta ta fara bugawa kamar ana daka a ƙirjinta. Tafin hannunta ya jiƙe. Ta ja numfashi, ya tsaya mata a maƙogwaro. Hayaniyar kasuwar ta yi nisa, sa'an nan ta dawo ta cika mata kunne, ƙasa kuma ta karkace ƙarƙashin ƙafafunta. Ta duba gabas ta duba yamma, ko'ina mutane ne, babu ta inda za ta fita. Nan take ta tabbata mutuwa ce ta zo mata, a tsakiyar kasuwa, nesa da gida. Ta fara kalmar shahada. Ƙwaryar ta suɓuce daga kanta ta fashe, nono ya malale cikin ƙasa.

Haulatu ce ta ratsa mutanen da suka kewaye ta, ta kama ta, ta kai ta ɗakin shan magani. Kafin su isa abin ya fara sakinta. Malam Babba, ma'aikacin wurin, wani dattijo mai furfura a gefen kai, ya sa abin saurare a ƙirjinta da bayanta, ya duba idonta, ya riƙe wuyan hannunta yana kallon agogo.

"Baiwar Allah, zuciyarki lafiya lau take," ya ce. "Kin karya kumallo kuwa?"

"Na karya."

"To ki huta. In ya sake, ki dawo."

Ta ji kunya ƙwarai. Mace kamarta, a ce ta zube gaban jama'a, kuma a duba a ce babu komai. Da ta koma ruga sai ta ce wa Bube santsi ne ya kwashe ta.

Kwana tara lafiya. A rana ta goma abin ya sake zuwa, wannan karon a kan burtali, a wani fili mai faɗi inda babu bishiya ko ɗaya. Ta sauke ƙwarya ta durƙusa, jikinta na rawa, matan suka tsaya a kanta suna salati. Iyatu, matar ƙanen Bube, ta raka ta gida. Da ta hango bukkarta sai ta ji ƙirjinta ya sake, kafin ta shiga ta zauna kamar ba a yi ba. Wannan ne ya zauna mata a rai: a waje abin yake, a gida yana ƙyale ta.

Daga nan ta fara zaɓen ranakun fita. Ta daina zuwa ranar kasuwa, saboda cinkoso. Ta daina bin burtalin fili, tana zagayawa ta gefen gonaki inda akwai gidaje. Duk da haka tun daga tatsa take fara sauraren ƙirjinta, ko ya fara, ko zai fara. In ta ji bugun ya ɗan ƙaru saboda sauri, sai tsoro ya kama ta, tsoron kuma ya ƙara bugun. Sau biyu ta juyo daga rabin hanya. Kafin a yi shuka ta daina zuwa Kankia gaba ɗaya, Iyatu ke haɗa nononta da nata. Bauranya da ke kusa ta ci gaba da zuwa har tsakiyar damina, sai wata rana abin ya same ta a ƙofar wani gida tana auna wa wata mata man shanu, ta bar faifanta a can ta gudo. Bayan kaka ko rijiya ba ta zuwa.

Duniyarta ta dawo daga bukka zuwa garke, taku arba'in. Amma ƙafafun da suka saba hanya ba su san zama ba. Ta share tsakar ruga, ta sake sharewa. Ta wanke ƙore da suke wankakku. Ta kwance maruƙa daga dangwali ta sake ɗaure su. Da safe in mata sun ɗora kaya, sai ta tsaya a bakin shinge tana binsu da ido har su ɓace, ta koma ciki, ta fito, ta koma. Da marece in sun dawo ta tare su da tambaya, wa suka gani, an gama ginin nan na bakin tasha, Haulatu ta tambaye ta? Tun suna ba ta amsa har suka fara gajiya.

Inno, uwar Bube, ta ce iska ce, ta taka wani abu a hanya. Aka yi mata hayaƙi, aka kawo rubutu daga Kusada ta sha kwana bakwai, aka ɗaura mata laya a damtse. Duk ta karɓa ba musu. Ranar da aka gama rubutun ta ɗauki tulu ta nufi rijiya da ƙarfin zuciya, ba ta kai ga tsamiyar da ke bayan garke ba ta juyo da gudu.

Malamin da ya yi rubutun ya haɗu da Bube a masallacin Juma'a, ya riƙe hannunsa gaban mutane.

"Na ji ka sa iyalinka a kulle. Madalla, Bube. Da duk Fulani za su yi koyi da kai."

Bube ya sunkuyar da kai. Da ya dawo ya faɗa wa Mairama, yana tsammanin za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

Bube mutum ne marar yawan magana, kuma bai taɓa yi mata faɗa a kan wannan ba. Sau ɗaya dai, da yake gyaran igiya a inuwa tana ta kai da kawowa a gabansa, ya ce, "Ke, zauna mana. Kina sa ni jiri."

"In na zauna ji nake kamar zan fashe."

"To ki fita."

Ta tsaya ta dube shi. Shi ma ya gane abin da ya faɗa, ya mai da idonsa kan igiyar.

Wata goma bayan faɗuwarta a kasuwa, sai ga Haulatu da rana tsaka, ta yafa gyale, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ba ta taɓa zuwa rugar ba, tambaya ta yi ta yi har ta iso. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta fara.

"'Yar Fillo, me na yi maki? In nonon ne kika samu mai saye da tsada, ai sai ki faɗa mani. Iyatu ta ce lafiyarki lau, ga ki kuwa na gan ki da ƙafafunki."

Mairama ta ja ta cikin bukka. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda abin yake ba, don a wajensu mace ba ta bayyana tsoro, ko naƙuda a shiru ake yinta. Amma Haulatu ba Bafillata ba ce, kuma ta riga ta gan ta a ƙasa cikin nono.

"Ƙawa, abin nan na kasuwa bai bar ni ba."

"Motoci kike tsoro?"

"A'a."

"Mutane?"

"Ba mutane ba. Shi nake tsoro. Ya zo mani inda ba ni da wurin gudu, in mutu a kan hanya, ko in haukace ina ihu jama'a na kallo. In ina nan ba ya zuwa. Da na ɗaga ƙafa sai in ji shi yana jirana."

Haulatu ta gyara zama. Can ta ce, "Sau nawa ya zo maki?"

"Babba-babba, sau biyar."

"Sau nawa kika mutu?"

Mairama ta harare ta, sai kuma dariya ta kufce mata, ta farko cikin watanni, dariyar ta juye kuka. Haulatu ta bar ta ta yi mai isarta.

Bayan mako guda Haulatu ta dawo. Ta je wajen Malam Babba ta kwashe komai ta faɗa mashi, kuma ta taho da amsarsa a bakinta.

"Ya ce ya tuna da ke. Ya ce lokacin yaƙi a asibitin soja ya yi aiki, kuma ya ga ƙarti majiya ƙarfi da irin wannan, wani ko ƙofar ɗaki ba ya iya fita. Ya ce jiki ne ke yin ƙararrawar gudu ba tare da an kore shi ba. Yana tasowa, ya kai ƙarshensa, ya sauka da kansa, kuma ba ya kisa. Amma duk ranar da kika gudu gida, sai jikin ya ɗauka gudun ne ya cece ki, gobe ya ƙara matse ki."

"To in yi yaya?"

"Ya ce ki fita kaɗan-kaɗan, da wani a kusa. In ya zo, kada ki juya. Ki tsaya inda kike, ki riƙa sakin numfashi a hankali, har ya wuce. Addu'arki kuma ki ci gaba da ita. Tashi mu je tsamiyar can."

"Yanzu?"

"Ni na baro furata a hannun maƙwabta, ba zama na zo yi ba."

Suka fita. A taku na sittin ya zo. Mairama ta ce ta fasa, ta juya, Haulatu ta riƙe mata zane.

"Sake ni, mutuwa zan yi!"

"To ki mutu a nan, ni zan yi maki wanka. Saki numfashi."

Ta durƙusa ta dafa ƙasa da hannu biyu. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarta. Tana jin Haulatu na ta surutu a kanta, labarin wani direba da ya sha fura ya manta hularsa, ba ta fahimtar rabin abin da take cewa. Ta jira mutuwar. Ta jira. Sai ta ji bugun ya fara raguwa, yatsunta da suka sandare suka saki, ta ji kukan kurciya a kan tsamiya. Ta ɗago kai. Bukkarta na can inda ta bar ta, ita kuma tana nan.

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Haulatu ba ta iya zuwa kullum, sai Iyatu ta karɓa, wani lokaci Bube da kansa, yana tafe a bayanta da sandarsa a kafaɗa kamar kiwo ya fito. Wata rana ta kai tsamiya, wata rana ta wuce, wata rana ko shinge ba ta iya fita, ta wuni tana jin haushin kowa. Kafin bazara ta kai rijiya sau uku. Bauranya kuwa ta gagare ta, balle Kankia.

Sai damina ta ƙi. Aka yi ruwa biyu, mutane suka yi shuka, gero ya fito ya bushe a tsaye. Aka sake shuka, aka sake asara. Tafkin da shanu ke sha ya zama laka, ciyawa ba ta tashi ba, nono ya ragu har ba ya isar maruƙa. Saniya huɗu suka kwanta ba su tashi ba. Kullum ana ganin garken mutanen arewa suna wucewa kudu, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Maza suka zauna a gindin tsamiya suka yanke shawara: za a tashi, a nufi ƙasar Zazzau inda aka ce an samu ruwa.

Bube ya same ta tana tankaɗe.

"Jibi za mu tashi. Na yi magana da mai garin Bauranya, ya ce Inno za ta iya zama a gidansa har mu dawo. Ko ki zauna da ita, ko ki bi mu. Ba zan tilasta maki ba."

"Ta ina za a bi?"

"Ta Yashe. Can za mu tsallaka kwalta."

Ta ci gaba da tankaɗe, garin na zuba a gefen faifai ba ta lura ba. Ko wanne ta zaɓa, bukkar nan za a kwance ta. Wurin da take gudowa ba zai kasance ba. Kwana biyun nan ba ta zauna ba. Ta ɗaure kaya ta kwance, ta ce za ta zauna da Inno, ta je ta faɗa wa Iyatu za ta bi su, ta dawo ta ce wa Inno ta fasa. Inno ta ce, "Ɗiyata, ki tsai da magana ɗaya, kin hana ni ma sukuni."

Da safiyar tashi, tana tsaye aka cire ciyawar bukkarta aka tattara sandunan. Ta dubi da'irar ƙasa mai santsi da ta rage, wadda ta share sau dubu. Aka ɗora kaya a kan takarkari. Inno ta hau jaki za a kai ta Bauranya, ta waiwayo tana jira. Mairama ta ɗauki ƙorenta da ke cikin raga, ta ɗora a kai, ta bi bayan shanu.

Tafiyar farko ba ta yi wuya yadda ta zata ba. Tana tsakiyar garke, warin shanun da ta sani ya kewaye ta, Iyatu na gefenta. Sau biyu ƙirjinta ya motsa, ta rage sauri ta saki numfashi, ya lafa. Da azahar suka hango Yashe, suka ji ƙugin motoci tun kafin su ga kwaltar.

A bakin hanya mutane sun taru, masu jiran mota da masu talla, da wasu da fari ya koro suna zaune da ƙullin kayansu. Bube da ƙanensa suka shiga tsakiyar kwalta suka ɗaga sanduna. Wata gingimari ta tsaya, bayanta tankar mai, bayanta motar fasinja, ta ɗaya hannun ma haka. Shanu suka fara hawa, kofatansu na zamewa. Direbobi suka dinga danna ƙaho.

Mairama ta sa ƙafa a kan kwalta, zafinta ya ratsa takalminta. Ta yi taku biyar. A nan ya zo, gaba ɗayansa, irin na ranar kasuwa. Idonta ya rufe, ƙafafunta suka ƙi. Ta waiwaya baya don ta gudu, babu inda za ta gudu, fili ne kawai da ƙurar shanu. Ta durƙusa a tsakiyar hanya, hannu ɗaya riƙe da ragar ƙore.

"Kai, ku ɗauke matar nan!" wani direba ya yi tsawa. "Mahaukaciya ce?"

Shanu sun gama wucewa, saura ita. Ƙaho ya ƙaru. Fasinjoji suka leƙo ta taga. Abin da ta shekara tana tsoro ke nan, ga shi ya same ta, jama'a na kallo.

Bube bai ɗaga ta ba. Ya zo ya tsaya tsakaninta da gingimarin, ya dogara sandarsa a ƙasa, ya juya wa direban baya. Mutumin da ko sunanta ba ya kira gaban mutane, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Mairama, ba sauri muke ba. Su jira."

Ta saki numfashi. Ta sake ja, ta sake saki. Tana jin zagin direban, tana jin wata tsohuwa a cikin mota na cewa a ƙyale ta, baiwar Allah ba ta da lafiya. Bai wuce ba tukuna, amma ta ji ƙafafunta sun dawo nata. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta taka sauran kwaltar da kanta, ta gangara ɗaya gefen ta zauna a kan wani dutse. Motoci suka wuce. Iyatu ta miƙo mata ruwa a buta, rabinsa ya zube a zanenta kafin ya kai bakinta.

"Mu tsaya nan mu kwana?" Bube ya tambaya.

"A'a," ta ce. "Shanu ba su sha ruwa ba. Mu je."

Kwana goma sha shida suka yi a hanya. Ya zo mata sau uku, sau ɗaya a wata gada har sai da aka jira ta kusan awa guda. Sun rasa shanu bakwai kafin su sami wurin da ciyawa ta kai gwiwa, suka kafa bukkoki kusa da wani ƙauye da ba su san kowa ba. Da nono ya dawo, ta fara bin Iyatu cikin ƙauyen, gida uku ta juyo, daga baya gida goma. Kasuwarsu ƙarama ce, duk da haka a bakinta take zama, inda take ganin hanyar fita.

Sai da aka yi damina biyu suka koma ƙasar Kusada, suka tarar Inno ta rasu a Bauranya da azumin da ya wuce. Mairama ta ci gaba da kai nono, amma ba kullum ba, kuma ba ta sake tafiya ita kaɗai ko shiga gaban mata ba. Akwai makon da take tashi ta ji ba za ta iya ba, ta ba Iyatu ƙwaryar, ta wuni tana zagaye ruga. In makon ya wuce ta sake ɗora gammo. 'Yan matan da suka taso daga baya sun san ta a matsayin dattijuwar da kan tsaya a kan hanya wani lokaci, ta sauke kaya ta yi shiru, kuma sun saba su tsaya tare da ita har ta ce a tafi.